Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ke bayan Naira 20

A kasuwannin Magariya da Dungas, da sauran garuruwan bakin iyaka har zuwa Babura da Maigatari, Naira na yawo hannu-hannu kamar sefa. Duk wanda ya saba karɓar canji ya san takardar Naira 20, koriya mai santsi kamar leda, wadda ake kira murtala saboda hoton marigayi Janar Murtala Muhammad da ke gabanta. Idan aka juya bayanta, za a ga wata mata ta duƙufa tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali.

A takardun kuɗin Najeriya akwai wasu matan, kamar Fulani masu tallar nono da ke bayan Naira 10, amma su ba a san su da suna ba. Ladi Kwali ce macen da aka sa saboda ita kanta da aikin hannunta. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ba, ba ta yi siyasa ba. Yumɓu ne ya kai ta Landan da Amurka, ya kuma sa jami'a ta ba ta digirin girmamawa.

Tasowarta a Kwali

An haife ta wajajen 1925 a ƙauyen Kwali, a ƙasar Gbagyi, mutanen da Hausawa suka fi sani da Gwarawa. Yau Kwali na cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayyar Najeriya. Sunanta na Hausa ne, Ladi, wanda ake sa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi, kuma wannan ba abin mamaki ba ne a yankin da Hausa ta daɗe da zama harshen kasuwa da na fada.

A ƙasar tasu ginin tukwane sana'ar mata ce. Ladi ta koya tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda 'ya'ya mata ke koyo a duk gidan magina: a fara da ɗebo yumɓu da kwaɓa shi, kafin a bar ki ki taɓa bakin tukunya.

Yadda suke ginin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne jarin da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta. Babu inji, babu faifan da ke juyawa. Ana aza curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tsayi, maginiya ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, sannan ta riƙa jan yumɓun daga ciki zuwa sama. Tukunyar na tsaye wuri ɗaya, maginiyar ce ke zagaya ta, sunkuye, tana tafiya a hankali. Idan bango ya tashi sai ta murza yumɓu ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a baki, ta shafe, ta sake ɗorawa. Da ɗan katako da tsumma mai laima ake daidaita ciki da wuya da baki. Ƙwararriya kan fitar da randa mai faɗin ciki, bangonta siriri, kuma ko ta ina ka dube ta daidai take, sai ka rantse da ma'auni aka yi.

Kafin ta bushe ake yi mata ado. Ana gangara murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga a jikinta ya bar layi-layi, sannan a ɗauki wani abu mai kaifi a zana siffofi a tsakanin layukan. A nan ne hannun Ladi ya fita daban. Tana zana kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu, ba irin zanen hoto ba, a'a, ta miƙe su ta baje su yadda za su bi kumburin randar, ta cika jikinsu da ƙananan tsage. Wanda ya saba ganin aikinta yakan gane shi daga nesa.

Bayan bushewa sai toyi. Ba tanderu ake ginawa ba. Ana jera tukwane a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a kunna wuta, cikin ɗan lokaci an gama. Haka ake yi a matoyar magina a ƙasar Hausa, har Miriya ta Damagaram da ta yi suna wajen tukwane. Zafin irin wannan wuta ba ya narkar da yumɓu ya toshe, don haka jikin tukunyar na nan da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ne randa ke yin gumi, iska ta busar da gumin, ruwan ciki ya yi sanyi. Ta nan ne kuma tukunyar miya ke jure harshen wuta ba ta fashe ba. Abin da wani zai ɗauka rashin ci-gaba ne, shi ne ainihin amfanin kayan. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

Fadar Sarkin Abuja

Abujar wancan zamani ba birnin tarayya ba ce, garin da yau ake kira Suleja ne. Masarauta ce ta Hausawan Zazzau da suka yi kudu bayan jihadi, suka kafa garin a 1828. Sarkin da ke kan gado tun 1944, Alhaji Sulaimanu Barau, ɗan boko ne da ya yi Kwalejin Katsina, kuma mai sha'awar sana'o'in ƙasarsa. Ya tara tukwanen Ladi a gidansa, ba don a zuba ruwa ba, don kyansu kawai.

Wannan ya kamata a riƙe shi da kyau, domin sau da yawa ana ba da labarin kamar Bature ne ya gano ta. Kafin wani Bature ya ji sunanta, matan kasuwa sun san hannunta, sarki kuma ya riga ya ajiye aikinta a fada.

A 1950 ne wani maginin Ingila mai suna Michael Cardew ya zagaya Najeriya bisa aikin da gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi, na duba yadda za a inganta sana'ar tukwane. A gidan Sarkin Abuja ya ga tukwanen Ladi, kuma ya riƙe sunan. A rahotonsa ya nuna cewa tukwanen ƙauye ba su bukatar gyara, sun dace da aikin da ake yi da su. Abin da ya ba da shawara shi ne a kafa wata sana'a ta daban a gefe, ta kayan tangaran irin su kofuna, farantai da butocin shayi, domin ma'aikata da 'yan boko da ke ƙaruwa a birane. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu, akwai ruwa, akwai itacen wuta, ga kuma goyon bayan sarki. A 1952 aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a can.

Daga Japan zuwa Suleja

Tanderun da Cardew ya gina a Abuja yana da dogon tarihi, kuma saiwarsa na Gabas mai nisa. Cardew, wanda aka haifa a 1901, almajirin Bernard Leach ne. Shi kuwa Leach ya zauna a Japan tsakanin 1909 da 1920, can ya koyi ginin tukwane, ya dawo Ingila tare da abokinsa Shoji Hamada suka kafa matoya a garin St Ives, suka gina tanderun itace irin na Japan. A wurinsu Cardew ya ɗauki ra'ayin cewa kofin da aka gina da hannu, da ƙasar wuri da tokar wuri, ya fi na masana'anta daraja ko da bai kai shi santsi ba. Da wannan ra'ayi ya yi aiki a Ghana daga 1942, kafin ya iso Najeriya.

Japanawa sun kai wannan ra'ayi inda ba kowa ya kai ba. A garin Imbe da ke yankin Okayama ana yin wasu tukwane da ake kira Bizen, shekaru ɗaruruwa ke nan. Ba a shafa musu ruwan gilashin da ke sa tangaran ƙyalli, ba a yi musu fenti. Yumɓun da ake haƙowa daga ƙarƙashin gonakin shinkafa ne kawai, a gina, a jera cikin dogon tanderu, a yi ta cusa itace dare da rana har kwana goma ko fiye, zafi ya haura digiri 1,200. Tokar da ta sauka a jikin tukunya takan narke ta bar ɗigo-ɗigo kamar riɗi, inda aka naɗe da karan shinkafa kuma ya bar jan layi. Wuta ce ke yin adon, don haka ba a samun guda biyu iri ɗaya. Cikin abubuwan da aka fi nema akwai 'yan ƙananan tuluna da kofunan da suke zuba giyarsu ta shinkafa mai suna sake, da kayan shan shayi. Abu ne da bai wuce tafin hannu ba, launinsa na ƙasa, wanda idan aka ajiye shi a kasuwar Magariya mai yiwuwa ba wanda zai taya, amma a can ana gadonsa kamar zinariya.

A 1955 gwamnatin Japan ta fara ayyana wasu masu sana'ar hannu a matsayin taskar ƙasa mai rai, Hamada na cikin rukunin farko. A 1956 aka ba Kaneshige Toyo, babban maginin Bizen, wannan matsayi. Ba lambar yabo ba ce kawai: gwamnati na ba su kuɗi duk shekara da sharaɗin su horar da magada.

A daidai waɗannan shekaru ne Ladi ta shiga cibiyar Abuja.

Mace ta farko a cibiyar

A ƙarshen 1954 ta fara aiki a can, ita kaɗai mace cikin maza. An tsara cibiyar ne domin samari da za a koya wa aiki da faifan juyi su koma garuruwansu su buɗe nasu, ba domin matan ƙauye ba. Ladi ta zo tana da kimanin shekara 30, da sana'arta cikakkiya a hannu. Ta koyi faifan juyi ba tare da wahala ba, ta riƙa fitar da kwanoni da farantai da kofuna. Takan tsoma su cikin ruwan yumɓu mai launi, sannan ta kankare zane a kai da ƙayar beguwa. A gindin kayan ana buga hatimi biyu, ɗaya mai haruffan LK, ɗaya mai sunan Abuja da rubutun ajami.

Amma abin da ya ɗaga sunanta ba kofi ba ne, randar nan ce ta Kwali. Ta ci gaba da gina ta da hannu, tana zagayawa kamar yadda ta koya a gida, da kunamarta da hawainiyarta. Abin da ya canza shi ne yumɓun da wutar. Yanzu da haɗin yumɓun cibiyar take ginawa, wanda ke jure zafi mai tsanani. Ana cike tsagen zanen da farar ƙasa domin ya fito, a shafe randar da ruwan gilashi, a sa ta cikin tanderun itace har zafi ya doshi digiri 1,300. Takan fito da duhun kore ko ruwan ƙasa mai sheƙi, zanen na haskowa daga ƙarƙashi.

Kyau kam ba a magana. Sai dai akwai abin da aka rasa, kuma ba ƙarami ba ne. Randar da ta sha irin wannan wuta ta zama kamar dutse: ta yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, ko da a kafaɗa ne kamar yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ƙofofin jikinta sun toshe, ba ta gumi, ba ta sanyaya ruwa. Kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar da aka ƙirƙiri siffar dominta. Randa ce a ido, amma aikinta ya koma zama a kusurwar falo ko bayan gilashi a gidan tarihi. Masu sayenta galibi Turawa ne da manyan ma'aikata.

Nan ne bambancinmu da Bizen ya fito fili. Can tukunyar da ba ta da ƙyalli ita aka ɗaukaka a yadda take, mutanen ƙasar ne kuma suka fara ba ta daraja da kuɗinsu. Nan kuwa sai da randar Gwari ta sa rigar gilashi kafin a ba ta kujera a Landan. Ba laifin Ladi ba ne, ba kuma za a ce Cardew ya yaudari kowa ba, tunda shi da bakinsa ya fifita tukwanen ƙauye. Kasuwar ce haka: mai kuɗin da zai sayi tukunya don kallo yana Turai, kuma abin da zai jure jirgin ruwa ya isa can lafiya shi ake toyawa.

Babban burin gwamnati ma bai cika ba. Talaka bai bar kwanon samira mai araha ya koma tangaran ɗin Abuja ba, kuma rassan da aka buɗe a Sakkwato da Kano ba su yi tsawon rai ba. Abin da ya riƙe cibiyar, ya hana a rufe ta, shi ne sunan da ta yi a waje, kuma kaso mafi girma na wannan suna na Ladi ne. Wato matar da ba a tsara wurin dominta ba ita ta zama ginshiƙinsa.

Zuwanta ya buɗe ƙofa ga wasu mata. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa sun shigo. Suna da ɗakinsu na ginin hannu a cikin cibiyar, wanda ake kira Ɗakin Gwari. Masu tara kayan tarihi na neman aikinsu har yau, duk da cewa sunan Ladi ya rufe nasu.

Landan, Amurka, Zariya

An baje kolin kayan Abuja a wani gidan nune-nune na Landan mai suna Berkeley Galleries a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan ido. A 1960 an nuna aikinta a Legas lokacin bikin samun 'yancin kai. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta yi gini a gaban ɗalibai da malaman makarantun zane, ta kuma yi irin wannan a Faransa da Jamus. Waɗanda suka saba ganin tukunya na juyawa magini na zaune, sai ga magini na juyawa tukunya na tsaye, kuma cikin ɗan lokaci randa ta tashi. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew, suna yin wannan nuni a jami'o'i.

Lambobin yabo sun biyo baya. Ingila ta ba ta MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, abin da ya sa ake kiranta Dakta Ladi Kwali. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda Najeriya ke bai wa waɗanda suka yi fice a ilimi da fasaha, galibi furofesoshi. A 1981 aka ƙara mata da OON.

A tsakanin nan ƙasar da ta taso a cikinta ta canza suna da kamanni. A 1976 gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Ƙauyenta Kwali ya faɗa cikin yankin birnin tarayya. Mutum biyun da ke gaba da bayan Naira 20 ashe tarihi ya riga ya haɗa su.

Cardew ya rasu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

Abin da ya rage

An sa wa cibiyar Suleja sunanta a farkon shekarun 1980. Akwai titi mai sunanta a Abuja, akwai babban zauren taro. A 2007 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar Naira 20 ta leda mai ɗauke da hotonta. Ranar 16 ga Maris, 2022, kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko, a shekarar ne kuma aka yi wani baje koli a Landan da ya ɗauki aikinta a matsayin mafari wajen ba da tarihin mata baƙar fata masu aikin yumɓu. 'Yan ƙasarmu da ke zaune a Ingila za su iya ganin tukwanenta a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da kuma Jami'ar Aberystwyth, na Amurka kuma a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington. Idan randarta ta fito gwanjo a Turai, da dubban fam ake maganarta.

A gida kuwa labarin bai da daɗin ji. Cibiyar da ke ɗauke da sunanta ta yi shekaru tana fama da rashin kulawa. An ba ta lambobi, amma ba a yi tsarin da zai biya ƙwararrun magina su horar da na baya ba, irin wanda Japan ta yi wa nata. Sana'ar da ta fito daga ciki na ja da baya a gaban roba da jarka da tukunyar dalma, daga ƙasar Gbagyi har Damagaram. Duk da haka randa ba ta mutu ba, kuma dalilin a fili yake: a garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi, lokacin bazara, babu robar da ke sanyaya ruwa. Matan da ke gina ta a yau suna sayar da ita a kan kuɗin da bai kai wahalar haƙo yumɓu da neman itace ba, 'ya'yansu kuma da yawa ba sa son gadon.

Wani reshe na gadonta ya tsiro a inda ba a zata ba. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew. Ta zauna da Ladi da sauran matan Ɗakin Gwari, ta koyi jan yumɓu daga ciki da zagaya tukunya. Yau tana cikin mashahuran masu aikin yumɓu a duniya, kuma Ingila ta ba ta sarautar Dame a 2020. Har yanzu da hannu take gini, ba da faifan juyi ba. Ba ta kuma shafa wa tukwanenta ruwan gilashi: gogewa take yi har su yi sheƙi, sannan ta bar wuta ta mayar da su ja ko baƙi.